Tarihin Likita Cicely Williams, Wadda Ta Gano Ciwon Yaye

Duk wanda ya zauna a Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, ya san yadda tsakiyar damina take a gidan manomi. Rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba sai ɗanyar masara, kuɗin cittar da aka sayar da rani ya ƙare, aikin gona kuma ya taso wa kowa. A irin wannan lokaci ne akan ga yaron da ba a daɗe da yaye shi ba ya sake kama. Ƙafafunsa su kumbura, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa kamar wanda ya ƙone, ya ƙi abinci, ya ƙi wasa, sai kuka ƙasa-ƙasa. Tsofaffi su ce ya sha ciki, waɗansu su ce sammu ne, ma'aikatan asibiti kuwa su ce kwashiyoko ne, watau wani irin ciwon tamowa. Wannan suna da likitocin duniya duka suke kiran cutar da shi, wata mace ce ta shigar da shi cikin littattafan likita, bayan ta ji shi daga bakin mutanen Afirka ta Yamma. Sunanta Likita Cicely Delphine Williams.

An haife ta ran 2 ga watan Disamba 1893 a wani wuri da ake kira Kew Park, cikin tsibirin Jamaika. Iyayenta Turawa ne da kakanninsu suka daɗe da zama a tsibirin, ubanta kuwa, James Rowland Williams, shi ne babban darektan ilmi na ƙasar. Tana da shekara 13 aka aike da ita makaranta Ingila. Ta sami gurbi a Jami'ar Oksfod, amma sai ta dakatar da karatu ta koma gida don ta taimaki iyayenta, saboda guguwa da girgizar ƙasa da suka yi wa tsibirin ɓarna. Sai bayan rasuwar ubanta a 1916 sa'an nan ta koma Ingila. A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, samari sun tafi fagen fama, likitoci sun yi ƙaranci, shi ya sa aka buɗe wa mata ƙofar koyon aikin likita, ita kuwa tana cikin na farko da suka shiga. Ta gama a 1923 a asibitin King's College da ke Landan.

Da yaƙi ya ƙare maza suka dawo, samun aiki ya yi wa mata likitoci wuya. Ta yi shekara biyu a wani asibitin yara a unguwar Hackney, unguwar talakawan Landan, inda ta fara lura da cewa yawancin cututtukan yara daga tukunyar gidansu suke tasowa. Daga nan ta tafi ƙasar Girka ta yi aiki cikin 'yan gudun hijira a Salonika. Ta komo Landan ta yi kwas na cututtukan ƙasashe masu zafi, kana a 1929 Gwamnatin Ingila ta ɗauke ta aiki, ta tura ta Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yanzu.

A Gwalkwas

Ta yi aiki a Koforiduwa da Kumasi, daga baya aka kai ta asibitin yara na Gimbiya Marie Louise a birnin Ankara. Yara suna mutuwa ƙwarai a wannan zamani, kuma abin da ya ɗaure mata kai shi ne, jarirai da ke bakin nono sun fi 'yan shekara biyu zuwa huɗu lafiya. Ta kawo waɗansu canje-canje da manyanta ba su so ba. Ta bar uwaye su kwana da 'ya'yansu a asibiti su riƙa ba su nono, alhali dokar asibitocin Turawa a lokacin ita ce a raba uwa da ɗa. Ta kuma fito da katin da ake rubuta tarihin lafiyar yaro. Babban abin da ya bambanta ta da sauran likitoci shi ne tambaya. Takan zauna da uwa ko kaka ta tambayi abin da yaro yake ci, da ranar da aka yaye shi, da dalilin yayen, har masu maganin gargajiya ba ta raina su ba.

Ta wannan hanya ce ta gane cewa yaran da ake kawo mata da kumburi da jan gashi da saɓulewar fata, labarinsu kusan ɗaya ne. An cire yaro daga nono, sau da yawa don uwar ta sami wani ciki, ko ta rasu, sa'an nan aka ɗora shi kan kunun masara da dokunu, safe da rana da dare, ba nama, ba kifi, ba madara. Mutanen Ga, watau 'yan asalin Ankara, suna da suna ga wannan ciwo, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da yaro yake kamuwa da shi in an yi masa ƙane. Bahaushe zai gane wannan nan da nan, gama shi ma yana danganta irin wannan rashin lafiya da rurrutsa. Bambancin kawai, Bahaushe yakan ɗora laifin kan nonon mai ciki, ita kuwa ta nuna cewa nonon ba shi da laifi, raba yaron da shi ne ya jawo masifar, tun da abin da aka ba shi a madadinsa bai isa ya gina jiki ba.

Don ta tabbatar, ta riƙa binciken gawar yaran da suka mutu, ta tarar hantarsu ta cika da kitse. Wannan aiki yana da hatsari a zamanin da babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yanzu, har ta taɓa ɗaukar cuta a wurin, ta kwanta rai a hannun Allah. Ta kuma gwada magani. Yaran da aka kawo da wuri, in aka ba su madara da man kifi, sukan warke, waɗanda aka makara kuwa yawancinsu mutuwa suke. A 1933 ta buga bayanin abin da ta gani a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, ta ce cuta ce ta abinci mai dangantaka da cin masara, kuma mai yiwuwa rashin furotin ne, watau sinadarin gina jiki da ke cikin nono da nama da kifi da wake.

Gardama da manya

Manyan likitocin Landan ba su yarda ba. Wanda ya fi tsananta mata shi ne Likita Hugh Stannus, wanda ya yi aiki a Nyasaland, watau Malawi ta yanzu, ana kuma ganinsa gwani kan cututtukan abinci na Afirka. A 1934 ya rubuta cewa babu wata sabuwar cuta, abin da ta gani felagira ce, ta kasa ganewa ne kurum.

Ya kamata mai karatu ya san mece ce felagira, don ya ga inda gardamar ta taso. Cuta ce da take kama mutanen da masara ce kusan dukan abincinsu. Fatar wuya da bayan hannu da duk inda rana take bugu sai ta yi baƙi ta yi kaushi, zawo ya biyo baya, daga nan hankali ya taɓu, in ba a yi magani ba mutum ya mutu. Ta kashe dubban mutane a Italiya da kudancin Amurka, an kuma daɗe ana zaton ɗaukarta ake yi kamar annoba. Wani likitan Amurka, Joseph Goldberger, shi ya warware wannan tun daga 1914. Ya ƙara wa yaran gidajen marayu madara da nama da ƙwai, cutar ta ɓace. A 1915 kuma ya ɗora fursunoni 11 da suka yarda kan abincin da masara ta yi wa rinjaye, cikin wata biyar shida daga cikinsu suka kamu. Amma ya rasu a 1929 bai san ainihin abin da ya ɓace cikin abincin ba. Sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa wani bitamin ne da ake kira niyasin, ko B3. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya tatsarsa. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, sukan dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa kafin su niƙa, wannan kuwa yana kwance bitamin ɗin. Da masara ta bazu zuwa Turai da Afirka, wannan dabara ba ta biyo ta ba.

To, ga masara, ga ciwon fata, ga zawo, shi ya sa Stannus ya ga kamar magana ta ƙare. Likita Williams ba ta janye ba. A 1935 ta sake rubutu a mujallar Lancet, a nan ne kuma ta fara amfani da sunan kwashiyoko. Ta jera bambancin cututtukan biyu ɗaya bayan ɗaya. Felagira ta fi kama manya, kwashiyoko kuwa ƙananan yara. Tabon felagira yana fitowa inda rana take bugu, na kwashiyoko kuwa inda fata take gogayya, kamar matsematsi da ɗuwawu da bayan gwiwa. Felagira takan ja lokaci, kwashiyoko kuwa yana kisa da sauri. Wannan gardama tana da nauyi, domin in an ɗauki cuta da sunan wata, maganin wata za a bayar, yaro kuwa ya mutu. Haka kuwa aka gani. Likita Hugh Trowell, wanda ya yi aiki a Kenya da Yuganda, da farko ya bi ra'ayin felagira, amma da niyasin ya samu aka gwada shi kan irin waɗannan yara, bai warkar da su ba. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahoton masana biyu, Brock da Autret, waɗanda suka zagaya ƙasashen Afirka, suka tabbatar cewa kwashiyoko cuta ce mai zaman kanta, kuma ta game nahiyar. Kusan shekara 20 ke nan bayan rubutunta na farko. Mutanen Nijeriya kuwa sun san sunan sosai a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta kama yara a yankin gabas.

Madarar gwangwani

Ita dai ba ta ga ƙarshen gardamar a Afirka ba. A 1936, bayan saɓani da shugabanninta, aka yi mata canji zuwa Malaya, ta bar Gwalkwas bayan shekara bakwai. A Singafo ta tarar da wata masifa dabam. A can jarirai ne suke mutuwa tun suna 'yan watanni. Kamfanonin madara suna aika mata sanye da tufafi irin na nas-nas, suna bin gidajen talakawa suna shawo kan masu jego su bar ba da nono su koma madarar gwangwani mai zaƙi. Uwa matalauciya takan tsinka madarar da ruwa mai yawa don ta kai kwanaki, ruwan kuma ba mai tsabta ba, sai zawo da rama. Irin madarar da aka yaɗe mainta kuma ba ta da bitamin A, rashinsa kuwa yana makantar da yaro. Abin lura a nan, ita kanta ta yi amfani da madarar gwangwani a Ankara wajen ceton yaran da suka rasa nono. Abin da ta ƙi shi ne a raba jariri da nonon uwarsa saboda ciniki. A 1939 ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa a kulob ɗin Rotary na Singafo ta yi lacca mai suna Madara da Kisan Kai, ta ce mutuwar da irin wannan talla take jawowa kisa ce. Sai a 1981, bayan shekara 42, Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin tallan madarar jarirai.

A kurkuku

Cikin watan Disamba 1941 sojojin Japan suka auka wa Malaya. Tana aiki a jihar Trengganu, ta sha wuya kafin ta kai Singafo, birnin kuwa ya faɗi ran 15 ga Fabrairu 1942. Aka tsare ta tare da sauran Turawa farar hula a kurkukun Changi, inda ta riƙa duba mata da yara, har aka zaɓe ta shugabar sashen mata. Jarirai 20 aka haifa a tsare, ta tsaya kai da fata aka shayar da su duka da nonon uwa, kuma dukansu suka rayu.

Cikin watan Oktoba 1943, bayan an fasa waɗansu jiragen ruwan Japan a tashar Singafo, 'yan sandan ciki na sojan Japan suka kama mutane da yawa bisa zargin leƙen asiri, har da ita. Ta yi wajen wata biyar a hannunsu cikin ɗan ƙaramin ɗaki tare da maza, ga yunwa, ga atuni. A nan ne likitar cututtukan abinci ta kamu da ɗaya daga cikinsu, watau beriberi. Sunan ya yi kama da na Barebari, amma babu abin da ya haɗa su, daga Asiya kalmar ta fito. Rashin bitamin B1 ne yake kawo ta. Wannan bitamin yana cikin dusar shinkafa, in aka cashe ta a inji ta yi fari fat, ya tafi. Wani likitan Holan, Christiaan Eijkman, shi ya fara gane haka a tsibirin Jawa wajen 1897, da ya ga kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa, in an ba su dusa su miƙe. Cutar tana kashe jijiyoyin ƙafa, tana kumbura jiki, tana raunana zuciya. An sako Likita Williams cikin watan Maris 1944 ta rame ƙwarai, aka mai da ita Changi, daga baya aka kai su sansanin Sime Road har yaƙi ya ƙare a 1945. Ƙafafunta ba su daina mutuwa ba har ƙarshen ranta.

Bayan yaƙi

A 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Janiba. Daga 1951 zuwa 1953 ta koma Jamaika ta shugabanci binciken wani ciwon amai da ke kashe yara. Daga bisani aka tabbatar cewa ɗanyen 'ya'yan wani itace ne da aka kai tsibirin daga Afirka ta Yamma, wanda Hausawa suke kira gwanja kusa, gama in bai nuna ya buɗe da kansa ba yana da dafi. Ta koyar a Landan, ta koyar a Jami'ar Amurka da ke Bairut inda ta yi aiki cikin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ta kuma koyar a Amurka. A 1972 ta wallafa littafi kan lafiyar uwa da yaro tare da Likita Derrick Jelliffe, wanda ya taɓa koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan.

Ilmi ya ci gaba bayanta. Yanzu an san cewa ba ƙarancin furotin kaɗai yake kawo kwashiyoko ba, ƙyanda da zawo da rashin waɗansu sinadarai suna da hannu, masana kuma suna kan bincike. An kuma sami abincin magani na tunkuzar gyaɗa da madara da sukari da mai da bitamin, wanda aka ceci dubban yara da shi a jihar Maraɗi lokacin yunwar 2005. Amma tushen da ta kafa bai motsa ba, watau a dubi abin da yaro yake ci, a kuma saurari uwarsa.

Abin da ya shafi kudancin Kaduna

Ƙasar Jama'a da Jaba da Kachiya da Zangon Kataf ƙasa ce mai albarka, ruwa yana sauka sosai, ana noma masara da dawa da acca da doya da gwaza da gyaɗa da wake da waken soya, ga Fulani da nono. Saboda haka in aka ga tamowa a nan, sau da yawa ba rashin abinci ba ne ɗungum. Abin da yakan faru shi ne a sayar da wake da gyaɗa da ƙwai a kasuwa don biyan bukata, a bar yaro da tsinkakken koko. Koko yana cika ciki, amma yawancinsa ruwa ne, cikin yaro kuwa ƙarami ne. In aka dama shi da gyaɗa ko garin waken soya ko nono, aka ɗiga manja, ya zama abinci. Gyaɗa tana da niyasin mai yawa, ita ce kariyar mai cin masara daga felagira. Faten tsaki ko na acca da aka zuba wa ganye da wake da gyaɗa ya fi tuwo da miyar da ba kome cikinta. Shinkafar gida da ake turarawa da ɓawonta kafin a cashe tana riƙe bitamin B1 fiye da wadda aka cashe ɗanya.

Dundumi, watau rashin gani da magariba, alama ce ta farko ta rashin bitamin A, maganinsa kuwa yana cikin manja da mangwaro da gwanda da kabewa da zogale da alayyafo da hanta. Tun 2002 Gwamnatin Tarayya ta wajabta ƙara wannan bitamin cikin sukari da man girki da fulawa, ana kuma ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 shi a asibitocin sha-ka-tafi. Akwai kuma lanƙwashewar ƙafafun yara, wadda littattafai suka daɗe suna cewa rashin bitamin D ne. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a wannan yanki, inda rana ba ta yankewa, rashin sinadarin kalsiyam cikin abinci shi ne babban dalili. Wannan shi ne irin darasin Ankara, cuta biyu sukan yi kama, amma sai an bincika tukunyar gida kafin a san wadda ake fama da ita.

Likita Williams ba ta ajiye aiki ba sai da ta kai shekara 85. Ƙasar Jamaika ta ba ta lambar girma, a 1986 kuma Jami'ar Gana ta ba ta digirin girmamawa, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ta rasu a Oksfod ran 13 ga watan Yuli 1992 tana da shekara 98. Asibitin Gimbiya Marie Louise yana nan a Ankara, har yanzu ana kai yara masu tamowa can, uwayensu kuma suna kwana tare da su.